Katin Jingi

Ni ke riƙe da makullin asibitin unguwarmu,
shekara sha tara, daga magariba zuwa assalatu.
Ba wanda ya nemi jin ta bakina.
Amma tunda duk Garwa ta zama likita
a teburin shayin Ɗanjuma,
bari mai gadi ma ya tofa.

Dipite Jingi ne ya kawo katin.
Ka zuba sefa dubu shida a shekara,
awo kyauta, allura kyauta, haihuwa kyauta.
Rediyo ta ɗauka tun da safe,
'yan babur suka liƙa fuskarsa a tanki.

Hashimu tela ya ce, "Haba jama'a!
Wanda kwatar ƙofar gidansa ta gagare shi,
shi ne zai gyara hantar mutane?
Awon auduga ya gada, ba awon jini ba.
Ran da ya zo buɗe ɗakin magani
a juye ya riƙe ma'aunin zafi, da idona na gani."
Aka yi ta dariya har shayi ya ɓare.

Goggo Dudu mai bandar kifi ta sauke tire.
"Ku dara. Jikata da katin nan ta sauka lafiya,
ban kai akuyata kasuwa ba.
A juye ko a miƙe,
ni dai tawa tana gida tana cin dusa."

Sai baki ya rabu biyu kamar Binuwai a kan yashi.
Wani ya ce ɓarawo, wani ya ce uban marayu,
wani ya rantse kuɗin sun maƙale a Yawunde,
wani ya ce a aljihun surukinsa.
Ba ɗayansu da ya taɓa kwana a ƙofata.

Ƙarfe biyun dare, tsakiyar damina,
wani masunci ya ƙetaro da ɗansa a kafaɗa,
jikin yaron kamar kaskon suya.
Katin yana naɗe a leda uku, ko ɗigo bai taɓa shi ba.
Madam Marsalin ta karɓa, ta duba, ta ce yana aiki.
Ta buɗe kabad.
Auduga. Safar hannu. Ƙadangare guda.
Ta rubuta takarda ta ce a je cikin gari a saya.
Na haska masa tocila yana ƙirga silalla a tafin hannu,
ya ƙirga sau uku, ba su ƙaru ba.

Amma kada Hashimu ya yi saurin tafi.
Bayan sati, da dare, mota ta tsaya ba jiniya.
Jingi ne, shi kaɗai, da silifas.
Ya ce in buɗe. Ya tsaya gaban kabad ɗin nan ya daɗe.
Ya tambayi sunan maganin zazzaɓi,
ya kasa maimaitawa,
ya rubuta a bayan hannunsa da biro.
Na ga kunya a fuskarsa. Kunya ba ta ƙarya da dare.

Ran Laraba kwalaye suka iso, goma sha biyu.
Biyar na zazzaɓi.
Bakwai maganin ciwon ido.
Madam ta zauna a kan guda ta yi dariya har hawaye.

To, ku gaya mini.
Mai tausayin da bai iya ba,
ko masu iyawar da ba su taɓa zuwa ba?

Yaron masuncin ya tashi, jiya ya kawo mini karfasa.
Na gaba da shi, 'yar Bintu mai ƙosai, ba ta kai Laraba ba.
Su biyun duk da kati.

Zaɓe saura wata biyu.
Takardar ƙuri'ata tana aljihu ɗaya da makulli,
suna gogar juna in ina zagaye.
Ga ladan ya fara gyaran murya,
ga wata can tafe da goyo, tana sauri.
Bari in buɗe.